Dusar Ƙanƙarar Oktoba a Dutsen Imp: Zaftarewar da Ta Ci Ran Inge Perkins

Ranar Asabar 7 ga Oktoba, 2017, wasu matasa biyu, Hayden Kennedy mai shekara 27 da budurwarsa Inge Perkins mai shekara 23, suka bar mota a bakin hanyar Taylor Fork ta sama, a jihar Montana da ke arewa maso yammacin Amurka. Suka kama tafiyar ƙasa ta mil 6, kusan kilomita 10, zuwa gindin dutsen Imp, wanda ke cikin jerin duwatsun Madison, tsayinsa ya haura mita 3,400. Niyyarsu su hau wani kwazazzabo da ke fuskar dutsen ta arewa, sannan su zamo ƙasa a kan dusar ƙanƙara da allunan zamiyarsu. Kaka ce a lokacin, hunturu bai kama ba, filayen wasan zamiya na haya da ke yankin duk ba su buɗe ba.

Suna cikin hawa, a wajen tsayin mita 3,050, kusa da bakin kwazazzabon, dusar da ke gangaren ta tsage ta taho da su. Hayden ya nutse rabi, ya samu ya tono kansa. Inge kuwa dusar ta rufe ta ruf. Tana da na'urar ceto, wadda ke aika sigina don a gano inda mutum yake a binne, amma tana cikin jakarta, a kashe. Hayden ya shafe kimanin awa 3 yana caka sanda yana haƙa da shebur, bai same ta ba. Ya fito daga dajin shi kaɗai. Washegari ya kashe kansa. Ranar Litinin 9 ga wata masu aikin ceto na gundumar Gallatin suka gano gawarta da sandunan caka, a zurfin da bai kai mita ɗaya cikakkiya ba. Ita ce ta farko da zaftarewar dusar ƙanƙara ta kashe a Amurka a wannan zangon sanyin.

Mai saurin yanke hukunci zai ce ruwa ya ci gwani, ya wuce. Gwanaye ne kam. Hayden ɗan garin Carbondale ne a jihar Kolorado, mahaifinsa Michael Kennedy sanannen mahayin duwatsu ne da ya daɗe yana editan mujallun wannan fanni. A 2012 Hayden da abokinsa Jason Kruk suka hau dutsen Cerro Torre a Patagoniya, can ƙarshen Amurka ta Kudu, da suke saukowa suka ciccire ƙusoshin ƙarfe fiye da 100 da wani mahayi ɗan Italiya, Cesare Maestri, ya kafa a jikin dutsen tun 1970, abin da ya jawo muhawara a duniyar masu hawa. Sau biyu yana samun lambar Piolet d'Or, wadda ita ce mafi girma a hawan duwatsu, ɗaya saboda hawan da ya yi a Pakistan, ɗaya a Indiya. Inge 'yar garin Bozeman ce, a cikin waɗannan duwatsun ta tashi, ta yi suna a gasar hawan dutse da ta tseren zamiya a tsaunuka, tana kuma karatun lissafi a jami'ar jihar. Ba ƙarancin sani ne ya kai su ga wannan ba, shi ya sa lamarin ya cancanci a tsaya a kansa. Abin da na fi gani a cikinsa shi ne yadda 'yan makwannin nan da ke tsakanin kaka da hunturu suke ruɗar mutum, har ya shiga wurin haɗari bai ji cewa ya shiga ba.

Wasan da kayansa

Zamiya a kan dusar ƙanƙara iri biyu ce. Akwai ta fili, inda mutum zai biya kuɗi, kujerar igiya ta ɗauke shi zuwa sama, ya zamo a kan hanyar da aka gyara. A nan ma'aikata ke fita da sassafe su jefa nakiyoyi a gangaren da ake tsoro, su zaftar da dusar da gangan kafin jama'a su shigo. Akwai kuma ta daji, wadda babu kujera, babu ma'aikaci, babu nakiya. Da ƙafarka za ka hau, kai ne kuma za ka yanke wa kanka hukuncin ko gangaren zai riƙe ka.

Hawa a kan allo yana yiwuwa ne saboda abu biyu. Na farko, diddigen takalmi a sake yake, kan yatsu kaɗai aka ɗaure, don haka mutum na iya jan ƙafa kamar mai tafiya. Wannan salon, da ake kira telemak, ya samo sunansa daga lardin Telemark na ƙasar Nowe, inda Sondre Norheim, mutumin ƙauyen Morgedal da aka haifa a 1825, ya murɗa saiwar itace ya yi maɗaurin da ke zagaye diddige, ya kuma ba mutane mamaki a gasar da aka yi a Christiania, wato Oslo ta yau, a 1868. Mai salon telemak ko a saukowa ba ya ɗaure diddigensa: yakan tura ƙafa ɗaya gaba, ya durƙusa da gwiwar baya, ya karkata. Salon ya yi kamar zai ɓace, sai matasan garin Crested Butte na Kolorado suka farfaɗo da shi a shekarun 1970 don shiga daji. Yau yawancin masu zamiyar daji sun koma maɗaurin da ake sakin diddige a hawa a kulle shi a saukowa, amma a hawan duk ɗaya suke. Abu na biyu shi ne fata, wani dogon ƙyalle mai gashi da ake liƙawa a ƙarƙashin allo. Gashin ya kwanta ta baya, sai allon ya zame gaba ya ƙi komawa. Da can fatar dabbar ruwa ake yankawa, yanzu da gashin akuyar Angora ko nailan ake yi. Da fata a ƙarƙashin allunansu Hayden da Inge suke lokacin da gangaren ya tsage.

Mai wannan wasa ya yi wata huɗu ko biyar yana jira. Da zarar kan duwatsu ya yi fari a Satumba ko Oktoba, zuciyarsa ta tashi. Wanda bai san wannan ɗokin ba zai yi mamakin mutum ya taka kilomita 10 da kaya a baya don saukowar da ba ta wuce 'yan mintuna ba, amma a garuruwa irin Bozeman ba baƙon abu ba ne.

Abin da ke ƙarƙashin farin

Cibiyar nazarin zaftarewar dusa ta gandun dajin Gallatin, wadda ke Bozeman ƙarƙashin jagorancin Doug Chabot a lokacin, ta tura ma'aikatanta wurin tare da masu ceto, ta auna komai. Tun daga 15 ga Satumba dusa mai nauyi ta zuba a wannan yankin har ta kai tsakanin santimita 90 da 120. Daga 1 ga Oktoba kuma aka ƙara samun kamar santimita 30. Iska ta kwashi sabuwar dusar daga inda take bugawa ta jibge ta a ɓangaren da ke ɓoye, ta danne ta har ta zama falale mai tauri. A ƙarƙashin falalen akwai wani siririn shimfiɗi na tsohuwar dusa mai laushi, a ƙarƙashinsa kuma dusar ƙarshen Satumba da ta riga ta daskare. Kamar a zuba ƙwayar gero a kan daɓe mai gangara a ɗora faifai a kai: muddin ba a taɓa ba yana nan zaune, ana taka shi ya tafi.

Nauyin mutum biyu ya isa ya rusa wannan shimfiɗin mai laushi. Idan ya rushe a wuri ɗaya, tsagewar kan bazu ta ƙarƙashi cikin ƙiftawar ido, har zuwa saman inda mutum yake tsaye, sai falalen gaba ɗaya ya ɓalle. Kaurin wanda ya ɓalle a dutsen Imp tsakanin santimita 30 ne da 60, faɗinsa kusan mita 45, ya kuma gangara kusan mita 90. Karkatar gangaren a inda ya tsage tsakanin digiri 38 ne da 45, yana fuskantar arewa maso gabas. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa mafi yawan irin wannan zaftarewa tsakanin digiri 30 da 45 take faruwa, kuma wajen 38 ne abin ya fi yawa. A lissafin masu wannan aiki ƙaramar zaftarewa ce. Tsawonta bai kai na filin ƙwallo ba.

Tarkon Oktoba a nan yake. A tsakiyar hunturu ko'ina fari ne, mutum na da zaɓi: idan ana tsoron gangare mai tsini, sai ya koma mai sauƙin karkata a cikin itatuwa. A Oktoba babu wannan zaɓin. Ɓangaren da ke kallon kudu rana ta narkar da shi, wurin da iska ke bugawa ta share shi ya koma tsakuwa. Inda kawai za a samu dusar da ta isa a zame a kai shi ne can sama, a inuwa, a kwazazzabon da ke kallon arewa, inda iska ta tara ta. Wato wurin da ya rage a yi wasa shi ne ainihin wurin da falale yake kwance. Mai neman dusa a wannan wata, ko ya sani ko bai sani ba, falalen yake nema.

Dusar farko tana da wani halin kuma da ke bin mutane har cikin hunturu. Ƙasar da ke ƙarƙashinta tana zama a wajen digiri sifiri, iskar dare a sama kuma na iya sauka ƙasa da haka nesa. Idan dusar ba ta da kauri, wannan bambancin zafi yana matsewa a ɗan tazara kaɗan. Da zarar ya kai digiri 10 a kowace mita, tururin ruwa ya riƙa tashi daga ƙasa zuwa sama ta cikin dusar, yana sauya ƙwayoyinta su zama masu kusurwa, garas-garas, waɗanda ba sa kama juna. Ka damƙa su a hannu don ka cura, su zube ta tsakanin yatsu. Dusar da za ta zo daga baya a kan wannan za ta zauna. Haka ta faru a jihar Yuta ranar 13 ga Nuwamba, 2011, lokacin da Jamie Pierre, ƙwararren ɗan wasan da ya yi suna da dirowa daga tsayin kusan mita 78 a 2006, ya shiga filin zamiya na Snowbird kafin a buɗe shi. Dusar Oktoba ta riga ta lalace a ƙarƙashi, sabuwa ta hau kanta, ma'aikata kuma ba su fara jefa nakiya ba. Zaftarewar ta ja shi a kan duwatsun da dusa ba ta gama rufewa ba, raunukan suka kashe shi yana da shekara 38. Fili ne da ya sani ciki da bai, amma a ranar daji ne.

Na'urar da ke cikin jaka

Kaya uku ne ba a shiga irin wannan wuri babu su: na'urar ceto, sandar caka mai naɗewa, da shebur. Na'urar ba ta fi tafin hannu ba. Ana ɗaura ta a ƙirji a ƙarƙashin riga, tana ta aika sigina a kan zangon rediyo na kilohaz 457, wanda duk kamfanoni suka amince da shi. Idan dusa ta binne wani, sauran su juya tasu zuwa karɓa, kibiya da lamba su bayyana a fuskarta suna nuna ɓangare da tazara. Yawancinsu na jiyo sigina daga nisan mita 40 zuwa sama. Wanda ya saba yakan kai kan wurin cikin 'yan mintuna, ya caka sanda har ya ji taushin jiki, ya bar sandar a tsaye, ya fara haƙa daga ƙasan gangare.

Gaggawar tana da dalili. Binciken da aka yi a kan hatsarurrukan ƙasar Suwizalan, wanda aka wallafa a 1994, ya nuna cewa cikin mutum 10 da aka tono a minti 15 na farko, kusan 9 suna rayuwa. Zuwa minti 35 adadin ya faɗo zuwa kusan 3. Dusar da ta zaftare ba ta zama da laushi, tana tsayawa ta ƙame, wanda ke ciki ko yatsa ba ya iya motsawa, numfashinsa kuma ya riƙa komo masa. Tono mutum daga zurfin mita ɗaya na bukatar kwashe dusar da ta kai tan guda ko fiye. Ba a jiran jirgin ceto a irin wannan, wanda kuke tare da shi ne kaɗai ke da lokacin.

Na'ura a kunne ba lamuni ba ce. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda zaftarewa ke kashewa, buguwa da dutse ko itace ne ke kashe su tun kafin dusar ta tsaya. Amma a duba girman wannan wurin: mita 45 a faɗi, 90 a tsawo, zurfi ƙasa da mita ɗaya, ga namiji mai ƙarfi da horo a tsaye a kai da shebur. Duk abin da aka ƙera na'urar dominsa ya haɗu a ranar. Babu ita, sai caka sanda a makance, taki bayan taki, aikin da akan jera mutum goma ko ashirin kafaɗa da kafaɗa su yi.

To me zai sa mutanen da suka san wannan duka su bar ta a jaka? A nan nake ganin ya kamata a yi wa mamatan adalci, a kuma faɗi gaskiya. A tsakiyar hunturu al'adar a bayyane take. Ka fito daga mota ƙafarka ta taka dusa, ka ɗaura na'ura, ɗaya daga cikinku ya tsaya a bakin hanya ya gwada ta kowa yana wucewa ɗaya bayan ɗaya. Dusar da ke bakin mota ita ke tuna maka. A Oktoba kuwa allunan a ɗaure suke a jaka, da takalmin tafiya ake farawa, ana taka ƙasa da busasshen ganye, jiki ya yi zafi a cire riga. Can gaba sai ɗan fari-fari a gindin itatuwa, sai ya kai idon sawu, sai ya kai ƙwauri, sai a tsaya a sa alluna. Babu wata ƙofa da aka ƙetare, babu lokacin da za a nuna a ce daga nan aka bar kaka aka shiga hunturu. Mutum yana ce wa ransa idan mun isa gindin kwazazzabon za mu tsaya mu shirya, alhali gindin kwazazzabon yana ƙarƙashin falalen. Ga shi kuma fitar farko ce ko ta kusa da farko a shekarar, hannu bai dawo da sabonsa ba. Ga shi cibiyoyin gargaɗi ba su kan fara fitar da sanarwar kullum sai dusa ta kankama, don haka babu jan launi ko ruwan lemo da mutum zai gani a wayarsa da safe ya tsorata. Duk abubuwan da ke tunatar da gwani ba sa nan, saura iliminsa kawai, shi kuma ilimi ba ya kunna na'ura sai an tuna.

Mutanenmu kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma ba na jayayya da cewa kowane rai da ajalinsa. Sai dai masu koyar da wannan fanni sun ɗauki darasi mai sauƙi daga irin wannan lamari: a ɗaura na'urar a jiki, a kunna ta tun a bakin mota ko da ƙura ake takawa, kada a kashe sai an dawo mota. Batirinta na ɗaukar awa 200 ko fiye tana aikawa, babu abin da ake tattali. Na fi yarda da wannan ƙa'idar fiye da kowace nasiha ta a riƙa lura, domin ba ta dogara da lurar mutumin da ya gaji ba.

Akwai batu na biyu da ba a cika tsayawa a kansa ba saboda na'urar ta ɗauke hankali: su biyun duka dusar ta kwasa. Ƙa'ida ita ce mutum ɗaya ne ke shiga gangaren da ake shakka, ɗayan ya tsaya a gefe yana kallo, don idan abu ya faru ya ga inda ɗan'uwansa ya ɓace. A saukowa wannan na da sauƙi. A hawa cikin matsattsen kwazazzabo yana da wuya, domin ana daɗewa a ciki kuma babu gefen da za a raɓe. Wanda dusa ke juyawa da shi ba ya ganin inda ta kai na kusa da shi, don haka Hayden ya tashi ba shi da ko alamar inda zai fara.

Awa uku

Wanda ya san alƙaluman nan na minti 15 da minti 35 ya san abin da kowane minti ke nufi, Hayden kuwa ya san su, har horon ba da agajin gaggawa yake yi a Bozeman a lokacin. Duk da haka ya ci gaba da caka har awa 3. Sannan ya taka kilomita 10 ɗin nan shi kaɗai zuwa mota. Bai kira masu ceto ba. Ya rubuta takarda mai cikakken bayanin inda abin ya faru, har da lambobin taswira, kuma da ita masu ceto suka yi aiki ranar Litinin. Ko a cikin wannan hali ya tabbatar an same ta an kai wa iyayenta.

Ba wannan ne rashinsa na farko ba. Abokinsa Justin Griffin ya rasu a wani dutse a Nepal a 2015. Kyle Dempster, wanda suka ci lambar Piolet d'Or tare saboda hawan Pakistan, ya ɓace da Scott Adamson a dutsen Ogre II na ƙasar a Agustan 2016. 'Yan kwanaki kafin zuwansu Imp, an wallafa wani rubutu nasa inda yake juyayin yawan abokan da duwatsu suka ɗauke masa. Iyayensa, a sanarwar da suka fitar, sun ce ya tsira daga zaftarewar amma bai iya ɗaukar rashin abokiyar rayuwarsa ba.

Wannan ɓangaren ya fi komai taɓa ni. Darussan zaftarewar dusa suna koyar da yadda ake riƙe na'ura, da yadda ake jera masu haƙa, da yadda ake buɗe hanyar numfashi. Sun daɗe ba sa cewa komai game da wanda ya fito da rai, da daren farko da zai kwana da abin a ransa. Mu da muka saba idan an yi rasuwa gida ya cika, a shimfiɗa tabarmi a ƙofa, a ƙi barin mai rashi shi kaɗai ko da ba shi da bakin magana, mun san amfanin wannan zaman. Hayden ya fito daga dajin ba wanda ya san abin da ya same shi, balle ya zauna kusa da shi. A ganina mutuwarsa tana cikin lissafin wannan hatsarin, ko da a rajistar zaftarewa mutum ɗaya aka rubuta.

A 2018 ƙungiyar mahaya duwatsu ta Amurka, da jagorancin wata ƙwararriyar mahayiya, Madaleine Sorkin, ta kafa asusu na musamman don waɗanda suka rasa abokai ko suka tsira daga hatsari a duwatsu. Asusun na biya musu kuɗin ganin likitan ƙwaƙwalwa, yana kuma haɗa su da wasu da irin abin ya taɓa samu.